Baba Inci Bai Taɓa Yi wa Ƙugu Ƙarya Ba

Duk wanda ya san Malam Haruna Tela na Unguwar Shanu ya san ba da fuskarka yake gaisawa ba. Kana miƙa hannu kana cewa, "Baba, an tashi lafiya?" shi idonsa na kan cikinka. Sai ya ƙare wa ƙugunka kallo tsaf kafin ya amsa, amsar ma yawanci ita ce, "Lafiya lau. Kai kuwa lafiyar har ta yi maka yawa, ka ƙara inci ɗaya." Daga nan aka raɗa masa Baba Inci, har jikokinsa da shi suke kiransa.

Shi ke ɗinka gajeren wando ga duk ƙungiyoyin ƙwallon kwando na garin nan: sojoji, 'yan sanda, 'yan kwaleji, da mu na ofis. A wajen yaƙi ya ga wasan, lokacin yana ɗinka wa soja kaki, ya dawo gida da haukarsa. Shi kansa bai taɓa jefa ƙwallo ba ko sau ɗaya. Amma da zarar damina ta ɗauke an share fili, kowane ɗan wasa sai ya je masa awo. Juma'ar ƙarshe kafin a buɗe wasanni, ana saukowa daga masallaci, sai Baba ya shimfiɗa buzu a ƙofar shago, ya rataya tef a wuya, ya faɗi yadda kakar bana za ta kaya, daga na ɗaya har na kashin baya. Har daga Kawo da Malali ake zuwa a kan keke don a ji.

"Baki na ƙarya," in ji shi, "ƙugu ba ya yi. Wanda ya yi damina yana motsa jiki, tef zai faɗa. Wanda ya yi ta yana hira da tuwo, tef zai faɗa."

Ni mai wannan rubutu, Garba Dogo, masinja ne a lokacin. A aji huɗu na tsaya, don haka wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa, kada ya dame ni. Shekaru ne da ake ta maganar mulkin kai, ofis ya cika da yara masu satifiket, waɗanda na girme su nesa, suna kirana da ƙararrawa kamar doki. Masinjoji marasa takarda ɗaya bayan ɗaya ake sallamarsu. Ni abin da ya riƙe ni tsawo ne kawai. Baturenmu mai son wasan ne, Babban Akawu kuma mai son abin da Bature ke so ne. Muddin ina tsaye ƙarƙashin kwandon ofis, tuwon gidana na nan. Kowa ya san haka, Baba ma ya sani.

Wata shekara ya ce, "'Yan sanda na uku. Tumbi ya yi musu kamu."

Ba a jima ba sai ga Saje Mamman, kaftin ɗinsu, ya jingine keke yana huci.

"Tela, hukuma ka zaga!"

"Ranka ya daɗe, ni wa? Matso in sake aunawa, ko na yi kuskure."

Saje ya miƙe ƙyam, ya tsuke ciki har idonsa ya yi ja. Baba ya zagaya shi da tef, ya tsaya, ya shiga tambayarsa iyali, da mutanen garinsu, da yadda gero ya yi bana. Saje ba halin amsawa.

"Saje, in za ka iya riƙe numfashin nan har a tashi wasa, wallahi na mayar da ku na ɗaya."

Saje ya saki, maɓallin wandonsa ya yi tsalle ya faɗa kwata. Baba ya sunkuya ya tsamo shi, ya goge, ya jefa a gwangwaninsa, ya ce tsintuwa ce. Na huɗu suka zo a shekarar. Da aka yi masa tsiya, ya ce, "Na sani. Kara na yi wa hukuma."

Kai, Baba da tsimi! Ba ya zubar da ƙyalle ko da faɗin tafin hannu. Wata rana limaminmu, Malam Isiyaku, ya tare shi bayan la'asar.

"Malam Haruna, kai da girmanka kake ɗinka wa magidanta wandon da gwiwa ke waje? Al'aura ce fa."

Baba ya ce, "Allah gafarta Malam, gaskiyarka. A ba ni kwana uku."

Muka je karɓar wanduna, sai muka tarar kowanne an jona masa ƙafa har ƙasan gwiwa. Da me? Da ragowar yadin mutane! Nawa ƙafar dama atamfa ce mai hoton kifi, ta hagu guntun labulen wani Bature. Na ce, "Baba, haka zan shiga fili, sojoji na kallo?"

"Dogo, ka zaɓa, dariyar soja ko wutar lahira."

Haka muka shiga. Sojoji suka yi ta dariya har suka kasa gudu, muka ci su. A tarihin ofis sau ɗaya ke nan muka taɓa cin soja. Liman ya ce albarkar sutura ce. Baba ya ce shi dai ya rage kaya a shago.

A bakin fili kuwa abin kallo ne. Kowa na bin ƙwallo da ido, shi ɗinki yake bi. Ɗan wasa ya yi tsalle, mutane na ihu, sai ka ji muryar Baba ta fi ta kowa: "A hankali, ɗan nema! Tsakiyar nan sau ɗaya na bi ta!"

Kada ku ce bai taɓa kuskure ba. Ya taɓa. Akwai shekarar da ya ba sojoji na ɗaya, ya ajiye 'yan kwaleji a kashin baya, yaran suka tashi suka lallasa kowa. Muka tafi shago gayya guda don mu ci masa fuska. Ba ya nan. Ashe tun da safe ya taka har kwalejin, ya sa an fito masa da wandunan, ya juya su ciki waje. Ya dawo yana murmushi.

"Baba, yau ƙugu ya yi ƙarya!"

"Wane mutum! Shugabansu ya raina nawa, ya kai wa wani tela a Zariya. Ba wandona suka sa ba. Hasashena bai hau kan ɗinkin wani ba."

"To amma kai ka auna su!"

"Na auna su don wandona. Tafi ka tambayi na Zariya."

Ka ji mutum! Da wa za ka yi gardama?

To, ga tawa. Shekarar da na haura arba'in, gwiwa ta fara yi mini ƙara, na yi damina a zaune. Da lokacin awo ya zo na ƙi zuwa sai da na ga shago ba kowa. Baba gajere ne ƙwarai, in zai auna ni sai ya hau turmi. Ya hau, ya auna kafaɗa, ya sauko, ya zagaya ƙugu. Ya daɗe yana kallon tef.

"Inci uku ka ƙara, Dogo."

Na ce, "Baba, ka san abin da ke nan. Babban Akawu da kansa yake zuwa jin hasashenka. 'Ya'yana biyar. Ka ce ɗaya."

"Uku ne."

"To ka yi shiru a kaina. Ka tsallake ni kawai."

"In na tsallake ka, kowa ya san dalili. Kuma ko na rufe bakina, fili zai buɗe nasa. Gara ka ji a wurina da ka faɗi a gaban yaran can suna tafa maka."

Na roƙe shi da Allah da Annabi. Ni da ban taɓa durƙusa wa Bature ba, na durƙusa wa tela. Ya juya ya ci gaba da taka keken ɗinkinsa.

Ranar Juma'a, Babban Akawu na zaune a gaba da jar dararsa, Baba ya ce, "Sojoji na ɗaya. Ofis na ƙarshe. Dogo ya yi mana shekara bakwai ba wanda ya kai shi, amma bana ƙafarsa ta gama." Bai ƙara ba, bai rage ba. Litinin aka cire ni daga ƙungiya. Ƙarshen wata aka miƙo mini takarda, wani yaro mai satifiket ya karanta mini ita da ƙarfi, wai ko ban iya ba.

Na tafi shagon da niyyar in kifar masa da keke. Na same shi a kan turmi, yana miƙa yana neman kafaɗar wani zabgegen kofur, bai kai ba. Ko kallona bai yi ba, ya miƙo mini bakin tef.

"Riƙe nan. Nawa ka gani?"

Don haushi na karanta masa.

"Madalla. Shekara ashirin ina hawa turmi kamar akuya. Gobe ka zo da sassafe, kuma ka karya kafin ka zo, ni ba na ciyar da mai ƙugu."

Na zo. Ba don na huce ba, don ba inda za ni. Wata shida ban ce masa uffan ba in ba lamba ba. Shi kuwa ya koya mini yanka, ya koya mini ɗinki, ya mare mini hannu da almakashi ya fi a ƙirga. Ofis kuwa na ƙarshe suka zo, kamar yadda ya faɗa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Wata rana na tambaye shi, "Baba, da ka ce ɗaya, me zai ragu a jikinka?"

Ya ce, "Da shekara guda ka ƙara kana amsa ƙararrawa. Yanzu wa ke kiranka da ƙararrawa?"

Har yau ina ganin da ya sassauta, kuma har yau da sana'arsa nake ciyar da gidana. Ku haɗa biyun yadda kuka ga dama, ni na kasa.

Ya rasu ana saura mako biyu a buɗe wasannin bana. Aka ce ni zan auna likkafani. Na durƙusa na auna, na yi ta maimaitawa don lambar ta ƙi zama a kaina. Yadi kaɗan ya ci. Ko a nan bai yarda an yi ɓarna ba.

Allah ya jiƙan Malam Haruna. Ya auna mu bai tauye ba, bai ƙara ba. Ya Ubangiji, ranar da za ka auna nasa, kada ka tsananta, ka sassauta masa, ka yalwata masa makwanci. Amin.