Tafin Ƙafar Ɗangoggo

Malam Aminullahi Ɗangoggo ya yi shekara goma sha tara yana gyaran injin saƙa a wata masaƙa a Kaduna. Ranar da aka garƙame ƙofarta ya fito da abu biyu: tsohuwar sukundireba, da kunnuwan da ƙarar injina ta cinye rabinsu. Sukundirebar ya jefa aljihu. Zancen kunnuwan kuwa ya binne shi, don wa zai ɗauki kurma direba?

Da haka ya samu tuƙi a wata hukumar gwamnati a Abuja. Dabararsa ta 'yan masaƙa ce: ba a sauraron mutum, bakinsa ake kallo. Shekara uku yana tuƙa Hajiya Nazeefa, jami'ar da ke duba kamfanonin waje masu neman tallafin gwamnati, yana karanta leɓenta a madubi, asirinsa a rufe.

Sai ranar Litinin a Kado. Wata motar kifi ta yi ta danna masa hon, bai ji ba, sai da ta tafi da madubinsa na gefe. Da ya sauke Hajiya ne ta ce, "Baba, jibi Abaji za mu. In mun gama, akwai maganar da za mu yi."

Ya san maganar. Kora ce.

"Ni da nake ƙwala maka kira shekara ashirin," in ji matarsa Safara'u, "sai yau ka san kai kurma ne?"

"Me kika ce?"

"Na ce ci tuwonka."

A Abaji wasu baƙi 'yan ƙasar waje sun kafa sabuwar masaƙa. Gwamnati ta yi musu alkawarin rangwamen haraji da wuta mai sauƙi, in dai injinan saƙa suke yi da gaske. Hajiya ce za ta sa hannu, kuma ta sha jin labarin masu kunna injin fanko ranar dubawa, su ɗaura masa yadin da aka saƙo a wata ƙasa.

"Baba, ku zo mu shiga," ta ce da suka isa.

Ƙofar na buɗewa ƙarar ta doke su. Hajiya ta toshe kunnuwa. Manajan wurin, Justice, yana ta bayani, ba mai jin sa. Ɗangoggo kuwa ya tsaya cak. Warin auduga da man inji ya shige masa hanci, sai ya ji kamar ya dawo unguwarsu. Ya sunkuya ya tuɓe takalmi.

"Baba, ka sa takalminki," Justice ya ɗaga murya da Hausarsa ta Abuja. "Nan ba masallaci ba ne."

"Yaro, kafin a haife ka nake limanci a irin wurin nan."

Ya bi layin injinan da tafin ƙafa. Injin da ke jan zare da gaske, ƙasa na amsa masa da nauyi, fanko kuwa rawar banza yake yi. Ɗaya bayan ɗaya ya bi su, kowanne da nauyinsa. A na goma sha huɗu ya tsaya, ya zaro sukundireba, ya kafa bakinta a jikin inji, ya dafe ƙotar da muƙamuƙinsa, ya lumshe ido.

Da suka fito ya ce, "Ranki ya daɗe, saƙa suke yi, babu algus. Amma na goma sha huɗu, boris ɗinsa ba zai kai Juma'a ba."

Justice ya yi dariya, ya sa aka buɗe don ya kunyata tsoho. Da aka kawo masa boris ɗin a cinye, sai ya koma kiran Ɗangoggo oga. Hajiya ta sauke ajiyar zuciya, ta sa hannu.

A mota Ɗangoggo bai tayar da inji ba. Ya ce, "Hajiya, gara in faɗa da bakina. Kunnuwana..."

"Baba, ku dube ni ta madubi." Ya duba. "Shekara uku, kun taɓa ganin na zauna a bayanku? Kullum nan gefen nake zama, don ku ga bakina."



"Tuƙi kam ya ƙare, ba zan ɓoye muku ba, kafin wata tirela ta kwashe mu. Amma masaƙu huɗu suka rage mana mu duba, ni kuma takarda na iya, ban iya inji ba. Na nemi a mayar da ku cikin masu dubawa. Ogan ofishinmu ya ce sai in kun nuna kanku a Abaji, kun kuwa nuna."

Ɗangoggo ya daɗe yana shafa sitiyari. Zai yi kewarsa, ba ƙarya. Ya ce alhamdulillahi a hankali, sannan ya murza makulli.

"Baba," in ji Hajiya, tana nuna ƙasa, "takalmanku."

Suna can bakin ƙofar masaƙa.