Takardar da Na Aika wa Ɗana na Sudan

A shekarar da yaƙi ya ɓarke a Sudan ana cikin goman ƙarshe na azumi, wadda kuma ita ce shekarar da aka cire tallafin man fetur a ƙasar nan, na rubuta wata takarda mai shafi ɗaya da har yau nake neman gafarar Allah a kanta.

Sai na ɗan koma baya. Yayan mahaifina ya tafi aikin hajji a ƙasa tun ba a haife ni ba. Guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya zauna a garin Nyala, ya yi aure, ya rasu a can. Wasiƙa ce ta hana zumunci yankewa. Su ba su san bokon Hausa ba, mu kuma Larabcinmu na karatu ne ba na hira ba, sai ajami ya riƙe mu. Mahaifina ya yi ta rubutawa har idonsa ya gaza, ni na gaje shi. Shekara talatin da biyar na yi ina aikin ofis, amma ban taɓa rubuta wa dangi da biro ba, sai alƙalamin kara da tawada, wasali da ja. Da waya ta zo, in na rubuta sai in ɗauki hoton takardar in tura.

Wanda ya rage muna wasiƙa da shi jikan wannan yayan mahaifin nawa ne. Mutum ne ɗan shekara arba'in da 'yan kai, mai gyaran firji, da shagonsa da ma'aikata uku, da mata da 'ya'ya huɗu. Baffa yake ce mini, ina ce masa ɗana, ko da yake ba mu taɓa haɗa ido ba.

Bayan Ƙaramar Sallah ya kira ni daga bakin iyakar Chadi. An wawashe shagon, an ƙone unguwar. Abin da suka tsira da shi awarwaro bakwai ne na zinariya, sirara, waɗanda matarsa ta ɗinke a gefen mayafinta. Wasu abokansa sun nufi Masar, suna kiransa.

Ya ce, "Baffa, ba sadaka nake nema ba, lissafi nake so. Ka rubuta mini abin da gida mai mutum shida yake ci a wata a garinku, da haya, da makarantar yara. In awarwaro uku za su riƙe mu shekara, in buɗe shago da huɗun, zan zo. In ba za su riƙe ba ka gaya mini, in nemi wata hanyar."

Washegari da hantsi na zauna a zaure na fiƙe alƙalami. Gidana na Malali na gwamnati ne da aka sayar mini ana cira a albashi, ban taɓa biyan haya ba. Kasuwar kayan miya kuwa rabona da ita tun ina saurayi. Abin da na sani shi ne kullum da safe ina ajiye wa mai ɗakina, wadda nake kira Hajiya, naira dubu biyu a ƙarƙashin kofin shayi, kuma ana ci ana ƙoshi, mu shida har da jikoki. Sai na ninka dubu biyu sau talatin na rubuta. Haya kuma na tambayi wani maƙwabci a masallaci, ban tuna cewa shekararsa goma sha biyar a hannun mai gida ɗaya mai jin kunyarsa ba.

Hajiya tana tsakar gida a lokacin, taku goma tsakaninmu, tana ƙulla zoɓo a leda. Ban tambaye ta ba. A ganina mutumin da ya yi shekara arba'in yana ciyar da gidansa ba sai an gaya masa abin da gidan yake ci ba. Akwai kuma wani abu da sai daga baya na yarda da shi: ina so ya zo. Ina so a ce a zamanina jinin yayan mahaifina ya dawo gida. Na rufe takardar da addu'a, na sa mata wasali tsaf, na tura.

Bayan Babbar Sallah suka sauka a tashar Kawo. Doguwar hanya ta rame su, amma shi fuskarsa a sake take. Ya rungume ni, ya ciro wayarsa ya nuna mini hoton takardata, ya ce da ita ya rarrashi matarsa ta haƙura da Masar. A lokacin an riga an cire tallafin, kuɗin mota daga Kawo zuwa Malali ya ninka.

Wata guda suka yi a gidana kafin a sami ɗaki biyu. Da dillali ya ce kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, ga la'adarsa, ga kuɗin takardar yarjejeniya, ɗana ya yi dariya, ya zaci ba'a ake yi wa baƙo. A can wata-wata suke biya. Da ya ga ba wanda ya taya shi dariyar, sai ya dube ni. Ni kuma na dubi dillali. Ranar muka shiga Babbar Kasuwa wajen masu zinariya, awarwaro biyu suka hau ma'auni.

Daga nan abubuwan da ba su cikin takardata suka yi ta fitowa. Famfon gidan ba ya kawo ruwa, sai 'yan ga-ruwa. Gawayi. Kuɗin wutar da ba a gani. Yaran Larabci kawai suka sani, makarantar da za ta karɓe su ta kuɗi ce, ga kayan makaranta, ga kuɗin Keke safe da rana. Ba shi da katin ɗan ƙasa, don haka ko layin waya sai da sunana aka yi masa. Damina ta yi ƙarfi, zazzaɓin sauro ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Awarwaro na uku, wanda ya kamata ya kai su wata Sallar, bai ga ƙarshen wata na huɗu ba.

Yakan zo bayan la'asar ya zauna a bakin tabarmata, ya buɗe hoton takardar, ya ce, "Baffa, lissafin nan bai fita ba. Ko matata ce ba ta iya kasuwarku ba?"

Ni kuma in ce, "Man fetur ne, ɗana. Kowa kuka yake."

Ba ƙarya na yi ba, kowa kuka yake. Kuma a lokacin ni ma na ɗauka iyakar maganar ke nan.

Ɗana ya ga wani shago a bakin titi, ya yi ciniki, mai shagon ya ba shi wata guda. A cikin watan ƙaramar 'yarsa ta kwanta. Kwana biyu suna ba ta jiƙo da ƙwayar kemis don kada a taɓa awarwaron shago, a rana ta uku ta fara shiɗewa. Allah ya tashi kafaɗarta bayan kwana tara a asibiti, amma awarwaro na huɗu ya tafi. Shagon wani ya kama ya zuba kayan waya. Ɗana ya ce ba komai, zai nemi ƙarami da ukun da suka rage. Sai na biyar ya zama shinkafa da kuɗin zangon makaranta.

Ana cikin haka firjin Hajiya ya mutu. Ban ɗauke shi komai ba, ni dai na san tana ɗan sayar da ƙanƙara da zoɓo, abin da nake ce wa wasan mata. Mako biyu ana kawo mini tuwo da miyar kuka tsura, ba nama, ba ko man shanu. A rana ta goma sha biyar na ture kwanon na ce, "Hajiya, ina kuɗin cefanen da nake bayarwa suke zuwa? Har ƙari na yi miki watan jiya."

Washegari ta ɗauki kuɗin daga ƙarƙashin kofi, ta yafa mayafi ta fita da kanta. Da ta dawo ta jera abin da ta sayo a faranti ta ajiye a gabana: garin masara da bai cika mudu ba, tumatir huɗu, albasa biyu, ɗan ƙullin manja, dunƙule.

Ta ce, "Ga kuɗinka nan, Malam. Sauran abin da kake ci firjin nan ne yake saya. Shinkafa kuma babban ɗanka ne yake aiko da buhu, ya ce kada a gaya maka."

Na ce ai tsadar bana ce.

Ta ce, "Bana? Ko kafin a taɓa man fetur kuɗinka rabin tukunya yake kaiwa. Shekara talatin da biyar kana duba fayil ɗin mutane, ba ka taɓa leƙa tukunyar gidanka ba."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa ka ce me? Ka ce ba na godiya?"

Na daɗe ina kallon farantin. Ba kaina nake tunawa ba, takardar nake gani, da jan wasalinta. Ɗana na Sudan ne ya zo ya gyara firjin, ya durƙusa a bayansa rabin yini, ya ƙi karɓar ko sisi. Ina zaure ina jin motsinsa, na kasa fita.

Na yi niyyar gaya masa sau da yawa. In na ɗauko maganar sai in ji ta yi mini nauyi, in koma kan man fetur. Kafin shekara ta zagayo awarwaro na shida da na bakwai sun tafi. Matarsa in ta zo gaishe ni sai ta riƙa jan hannun riga tana rufe wuyan hannunta. Mai gidan ya ƙara haya, suka koma ɗaki ɗaya a Rigachikun, manyan yaran biyu suka bar makarantar. Shi kuma mutumin da yake da ma'aikata uku ya koma aikin yini a rumfar wani, yana ɗaukar masa tukunyar gas.

Kuɗin ɗakin Rigachikun ni na bayar daga fanshona. Na ce kyauta ce. Ya ce bai yarda ba, rance ne, kuma a rubuta shi kamar yadda addini ya ce, da shaidu biyu. Da alƙalamin nan dai na rubuta. Daga nan duk ƙarshen wata yakan zo bayan sallar Juma'a da 'yan kuɗi a ninke, masu warin man inji, in karɓa in rubuta a bayan takardar. Wani watan sai na ga abin da ya kawo bai kai kuɗin motar da ya kashe ya zo ba. Fiye da shekara ina karɓa. Ban san wani abu da ya fi wannan ci mini rai ba a tsufana.

Watan da ya wuce ya kawo na ƙarshe. Na bar kuɗin a kan tabarma ban taɓa ba. Na ce, "Ɗana, zauna. Takardar da na aika maka ba man fetur ne ya ɓata ta ba. Tun ranar da na rubuta ta ba daidai take ba. Ban san abin da gidana yake ci ba, kuma ban tambaya ba. Ni na cinye maka shagonka."

Ya ce, "Na sani, Baffa. Tun watan da muka zauna a nan. Mata suna hira a madafa."

"Ka sani, kake zuwa kana cewa ko matarka ce ba ta iya kasuwa ba?"

"Ƙofa nake buɗe maka. Ba ka shiga ba."

Na ce ya ɗauki kuɗinsa. Ya ce a'a, wannan bashi ne da shaidu, ya biya, kada in mayar da shi mabaraci. Sannan ya ce, "Amma naka yana nan. Ƙanin matata yana sansanin 'yan gudun hijira a Chadi da 'ya'ya biyar. Yana da ɗan abin da ya rage, yana so ya zo. Ni in na gaya masa zai ce rowa nake yi. Rubutun malamai yake yarda da shi. Ka rubuta masa, amma na gaskiya."

Ranar Asabar na bi Hajiya Babbar Kasuwa da ɗan littafi a hannu. Tana gaba ina baya. Mai hatsi ya dube ni ya ce, "Hajiya, yau da mai bincike aka zo? Wallahi mudunmu cikakke ne." Ta ce, "Ɗalibi ne, yau ya fara." Muka bi layin hatsi, da na manja, da na mahauta, da masu gawayi. Na tambayi 'yan ga-ruwa, na tambayi masu Keke, na je wurin dillalai biyu, na shiga kemis na tambayi kuɗin allurar zazzaɓi. Na sa la'ada, na sa kuɗin jinyar da ba a shirya mata ba. Shafi uku takardar ta ci. A ƙasa na rubuta cewa kafin takardar ta isa gare shi wataƙila farashin ya wuce haka.

Juma'ar da ta biyo baya ɗana ya karanta ta a zaure, a hankali, yana bin layi da yatsa. Da ya gama ya ce, "Ba zai zo ba."

Na ce, "Na sani."

Ya ɗauki hoton shafukan uku ya tura. Sannan ya nemo hoton tsohuwar takardar a wayarsa, ya juyo mini da ita na gani, ya goge. Ni kuma na ɗauko takardar rancen, na rubuta a ƙarshenta cewa an biya, na miƙa masa. Ya ninke ta ya sa a aljihu.

Ya ce, "Shi ke nan, Baffa. Ba ka bina, ba na binka."

Ya sa takalmansa, ya ce zai yi sauri ya tari motar Rigachikun kafin yamma ta yi a ƙara kuɗi.