Wata Bakwai Ina Shafa wa Jabu Mai

Ban yi boko mai nisa ba, a aji huɗu na tsaya. Amma idan ka miƙo min tsohuwar bindigar soja, kafin ka gama sallama na san ko daga Ingila ta fito ko daga maƙerar bayan kasuwa. A garejin kamfanin kuza na koya, wajen wani tsohon Bature da ba shi da aiki sai tara su.

A shekarun da Turawan kuza ke tattara kayansu suna barin Jos, kowannensu yana son ya tafi da abin ratayewa a bango. Dillalai suka gane, maƙera ma suka gane. Sai a sami sandar sitiyarin tsohuwar mota a fafe ta, a buga mata hoton kambi, a binne ta cikin ƙasa da gishiri har ta yi tsatsa, a kai wa Bature a ce ta kakan kaka ce. Shi ya sa ake aikowa a kira ni kafin a saya. Na duba zaren kusoshi, na duba sawun magagari a jikin ƙarfe, na sa ɗan yatsa a bakin bututu in ji ko akwai layukan nan masu murɗawa. Ban taɓa yi wa kowa ƙarya ba, kuma an san haka.

Ina da tawa, ta mahaifina. Ta girmi yaƙin Jamus, harsashi ɗaya take ci, da hannu a ƙarƙashinta wanda ake ja ta buɗe. Da ita ya yi gadin ma'adinai har ya tsufa. Ita kaɗai ya bar min.

Ina kuma da aboki, maƙeri ne a Nasarawa Gwom. Tare muka tashi, shi ya yi min babban aboki da na yi aure. Kullum in na tashi aiki can nake zama, yana zuga wuta ina ba shi labarin jabun da na kama.

"To Injiniya, yau kuma wa ka hana cin abinci?" Haka yake tarbata.

Ni kuma bakina ba ya shiru. Sai in zauna ina fayyace masa inda maƙerin ya yi kuskure: kambin ya karkace, kusar ta yi laushi, cikin bututun sumul. Yana dariya yana cewa, "Kai, Allah ya isa tsakaninka da 'yan uwana." Duk abin da na sani a cikinsa na zuba.

Da gara ta fara taɓa ƙotar bindigar, wato itacen da ake dafawa a kafaɗa, wa zan kai wa in ba shi ba? Ta yi sati uku a wurinsa. Ya dawo min da ita a nannaɗe cikin buhu, an toshe ramukan garar, itacen yana sheƙi. Na mayar da ita bango. Kowace Juma'a bayan masallaci in sauko da ita in shafa mata mai. Haka har wata bakwai.

Ran nan wani Bature ya aiko direbansa. Baturen yana jin Hausa irin tasu ta filin kuza. Da na isa gidansa na tarar da akwatuna a ɗaɗɗaure a falo, bindiga a kan tebur. Ƙotarta baƙuwa ce a wurina, amma ina ɗaga ta hannuna ya gane nauyin. Na juya ta. Ga lotsawar nan a hannun buɗewa, inda mahaifina ya taɓa faɗuwa da ita a kan dutse. Ga lambar da na haddace tun ina yaro. Na ja hannun, ta yi ɗan cijewar nan da sai ka doke ta da tafin hannu. Gumi ya karyo min, a sanyin Jos.

"Yaya? Gaskiya ne ko ƙarya ne?" in ji Baturen.

In na ce ta gaskiya ce, jibi tana cikin jirgi. In na ce jabu ce, zai mayar wa mai ita, ni kuma na san inda zan same ta. Na mayar da ita kan tebur.

"Oga, jabu ce. Aikin maƙera ne."

Ya kalle ni, sai ya yi murmushi. Ya ce maƙerin da ya sayar masa ya riga ya gaya masa haka zan ce, wai na daɗe ina nemanta da araha an hana ni. Ya kuma ce ya nuna wa wani tsohon soja ɗan ƙasarsu, ya tabbatar masa ta gaskiya ce. Gwada ni kawai ya yi. Na fara cewa ta ubana ce, an sace min. Ya ce minti ɗaya da ya wuce jabu ce, yanzu kuma ta ubana? Ya kira direba ya ce a fitar da ni.

A ƙafa na koma gida. Na sauko da wadda ke bango. Kambi daidai, lamba daidai, kusoshi daidai, har lotsawar an yi mata. Na sa yatsa a baki, layukan suna nan. Sai na zaro tsinken tsintsiya na zura can ciki. Daidai tsawon ɗan yatsana layukan suka ƙare, sauran sumul kamar bututun famfo. Iya inda ya ga ina taɓawa ya sassaƙa.

Washegari da safe na ɗauke ta na tafi maƙera. Yana ganina da buhu ya ajiye guduma, bai ko tashi ba.

"Injiniya, ka karya kuwa?"

Na jefa masa ita a gabansa. "Don Allah me na yi maka?"

Ya gyara wuta. Sannan ya ce, "Harbi kake da ita? Ina ce ratayewa kake yi. Wata bakwai kana shafa mata mai, ka ji wani abu ya ragu a jikinka? Kai da kanka, gwanin garin nan, ba ka gane ba."

"Ta babana ce."

"Ai itacen nasa ne. Inda hannunsa ya riƙe na bar maka. Da mugu ne ni da har shi na haɗa."

Wallahi da gaske yake faɗa, yana jiran in gode masa. Na duba fuskar nan da na sani shekara arba'in, ban ga kunya ba, sai ma wani ɗan alfahari na wanda aikinsa ya yi kyau. Mutanen da ke jiran gyaran fartanya suka tsaya suna kallonmu.

Na tsuguna na fara kwance ƙotar daga ƙarfensa. Kusar ta ƙi juyawa. Ya miƙo min sukundireba, na ture. Da bakin wuƙata na kwance ta.

Maganar ta zaga wajen Turawan da suka rage cewa na yi ƙarya don in cuci mai kaya. Ba wanda ya sake aiko min direba. Shi kuwa ya ci gaba da ƙirarsa, kuma ba sauran mai duba masa aiki a garin. Ranar da jirgin Baturen ya tashi ina gida, ina neman inda zan ajiye guntun itace.