Duhun Da Ya Same Ni Tsakanin Kano Da Alkahira

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Masu tambayar Yaya Sani ko ina raye, ga ni.

Abin ya fara ne a Baure. In na ɗauko ruwa sai numfashina ya yanke, duhu ya rufe min ido, in faɗi. A asibitin Daura aka ɗebi jini. A Kano aka shafa min wani abu mai sanyi a ƙirji, aka ga zuciyata a talabijin. Wai ƙofa ɗaya ba ta rufuwa.

Baba ya sayar da shanunsa. Aka ce sai Masar, ni da Yaya.

Likita ya ce, "Daga Kano zuwa Alkahira awa huɗu da wani abu ne a sama. Iskar can ba ta kai ta ƙasa ba. In kika ga duhun nan, ki yi magana, kin ji? Ban da kunya."

Inna ba ta san awa ba. Yaya ya ce mata, "Bayan azahar za mu tashi, kafin a kira magariba mun sauka."

Ta ce, "Ƙasar Fir'auna? Kafin magariba? Sani, ka ji tsoron Allah."

Da jirgi ya tashi kunnuwana suka toshe. Mutane suka lulluɓa har ka, a jere, babu mai motsi. Ƙasa yashi kawai, ko bishiya babu.

Agogona ya ce la'asar ta ɗan gota. Sai na ga taga tana yin ja, tana yin baƙi.

A gida yanzu rana na kan katanga. Na ce, to, ba rana ba ce, idona ne. Duhun ya zo.

Yaya yana barci baki buɗe. Na kai hannu, na janye. Na yi kalmar shahada. Na tuna Inna tana jira a kan tabarma, sai na ja rigarsa.

"Yaya, duhu nake gani."

Ya zabura ya kira ma'aikaciyar jirgi, aka sa min iskar numfashi. Wata Hajiya a bayanmu ta leƙo.

"'Yata, ni ma ina ganinsa. Gabas muke yi, ranarsu ta riga tamu faɗuwa."

Amma da aka maƙala min abin awo a yatsa, iskar jinina ta yi ƙasa sosai. Likitan Alkahira ya ce Allah ne ya sa na buɗe baki.

An yi aiki. Ina da tabo a ƙirji, ina tafiya da ƙafata.

Na gode wa Allah, da iyayena, da Hajiyar da ban san sunanta ba.

In za ku kai mara lafiya waje, ku tambayi awa nawa ne a sama, ku faɗa wa likita, ku nemi a tanadi iska. In yarinya ce irina, kada ku jira ta yi magana. Ku tambaye ta. Kuma kada ku yi barci.