Gadin 'Yan Tsaki Goma Sha Biyu

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana gadin wani siton kayan gini, kuma duk wanda ya zauna da shi minti biyar sai ya ji labarin: ko ƙusa ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Mu 'ya'yansa har mun haddace. Da dare yake aiki, da rana ya yi barci, shi ya sa muka tashi muna sanɗa a cikin gidanmu kamar ɓarayi, kada a tada Baba.

Da ya yi ritaya, zaman gida ya ishe shi, shi kuma ya ishi kowa. Ni ce na kai masa 'yan tsaki goma sha biyu a kwali, 'yan sati biyu, don ya samu abin yi, Inna ma ta sarara. Mutumin da ko tattabara bai taɓa kiwo ba ya leƙa kwalin, ya ƙirga su da yatsa, ya ce, "Sha biyu na karɓa, sha biyu za ki tarar."

Akurkin da ya gina a bayan gida, ko kuɗi aka ajiye a ciki sai haka. Ya kewaye fili da bulo har ƙirji, ya toshe ramukan ɓera da siminti, ya binne fasassun kwalabe a gindin katanga saboda gafiya, ya sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo biyu. Saman filin ne kawai ya bari a buɗe don su sha rana. Sai ya zaro tocila da usur daga ƙasan akwati, ya koma tsohon halinsa. Ya kwana a zaune yana gadi, da hantsi ya zuba musu dusa da ruwa, ya sake su a filin, ya shige ɗaki sai la'asar.

Kwana huɗu da haka ya ƙirga sha ɗaya. Ya duba kwaɗo, lafiya lau. Ya bi katanga yana neman sawu, babu. Kafin sati ya zagayo sun koma takwas.

Inna ta ce, "Malam, anya ba da rana..."

"Ke za ki koya mini gadi? Wane ɓarawo ne yake sata da rana tsaka?"

Laifin ya faɗa kan muzurun maƙwabcinmu, wani tsohon kafinta. Baba ya je har ƙofar shagonsa ya yi masa tas, alhali muzurun nan tsufa ya ci ƙarfinsa, ko ɓera ya gifta ta gabansa sai dai ya bi shi da ido.

Da na zo gida ranar Asabar, na tarar Baba ya rame, idanu sun yi ja. Tausayinsa ya kama ni, har na yi da-na-sanin kawo kwalin nan. Na ce, "Baba, kaji ne fa."

Ya ce, "A wurinki kaji ne. Ni amana aka ba ni."

Da azahar ina shanya a bayan gida, shi yana ɗaki yana minshari, sai na ga inuwa ta gifta a ƙasa. Kafin in ɗaga kai shirwa ta sauko cikin filin. Na kurma ihu. Baba ya fito a guje, ba takalmi, tocila a hannu da rana tsaka. A kan idonsa ta tashi da ɗan tsako ɗaya yana ciu-ciu, ta haura katangar, ta haura kwaɗon nasa guda biyu, ta yi gaba.

Ya daɗe a tsaye yana kallon sama. Can ya miƙa wa Inna tocilar, ya ce ta mayar akwati.

Wurin kafinta ya fara zuwa, ya ba shi haƙuri a gaban mutane, yadda ya ci mutuncinsa a gaban mutane. Kafinta ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ɗauko katako da ragar waya. Kwana uku suka yi suna rufe saman filin.

Abin da ya fi ba Baba wuya shi ne barci. Ya ce raga raga ce, amma maigadi sai ya san lokacin ɓarawonsa. Ya dasa kujera a inuwar katanga, rana na dukan ƙafarsa, kai na rinjayarsa, ya watsa ruwa a fuska ya sake gyara zama. Sau biyu ya faɗo daga kujerar. Da dare kuma ya kwanta ido biyu yana juye-juye, Inna na mita. Sai da ya yi wata guda kafin jikinsa ya yarda cewa dare na barci ne. Shirwa ta yi ta shawagi, yana busa mata usur, har ta gaji ta daina zuwa.

Bayan wata uku ya aika a kira ni. Kaji sun yi ɓul-ɓul, zakara ɗaya har ya fara gwada cara da muryar da ba ta nuna ba. Baba ya tsaya a bakin ƙofar ƙarfen, ya ƙirga su da yatsa a gabana.

"Sha biyu na karɓa," ya ce. "Ga bakwai. Biyar a hannuna suka tafi, ina barci."

Tun da nake ban taɓa jin irin wannan magana a bakinsa ba. Idona ya cika da ƙwalla.

Ya ɗauko tsohon kwalin nan daga bayan akurki, ya kaɗe masa ƙura, ya miƙo mini.

"Kawo wasu sha biyun."