Famfon Bayan Tanki

Wata uku ban ce muku uffan a wannan shafin ba. Yau zan faɗi abin da ko Mama ba ta sani ba: na san famfon gidanmu yana ja da wutar lantarki, sati uku kafin ya kama ni.

Bayan tankin ruwan gidanmu a unguwar Bulabulin nake ɓuya in karanta littattafan soyayya, don Baba ya hana. Nakan jingina da bututun ƙarfen wurin. Duk lokacin da aka kunna injin jan ruwa sai in ji zirrr a kafaɗata, kamar cinnaku.

Ban faɗa ba. Tsorona a ce, me ya kai ki can?

Ranar na gama wanke-wanke, ba takalmi, ƙasa a jiƙe. Na kama kan famfon. Hannuna ya damƙe, ya ƙi saki. Ina so in kira Mama, murya ba ta fita.

Yayata, Ya Falmata, ta make hannuna da taɓarya. Da ta kama ni da hannu, da mu biyu aka kwasa.

A keke mai ƙafa uku aka kai ni asibiti. Aka manna mini wayoyi a ƙirji, ana duba bugun zuciya. Fitsarina ya koma kalar shayi. Likita ya ce da Baba, "Alhaji, ba ƙunar hannun ce damuwata ba, ƙodarta muke tsaro."

Kwana tara na yi a kwance. Ƙarin ruwa leda bayan leda, ɗibar jini kullum da safe. Wankin ciwon tafin hannu ya fi komai zafi. Baba ya karyar da kwalayen busasshen kifinsa a kasuwar Baga Road saboda kuɗin magani. Na ji tsoron mutuwa sosai.

Ya Falmata kan ce, "Wushe, sannu Yagana. A littattafanki jarumi ke zuwa ceto, ke taɓarya kika samu." Ko dariya ciwo take mini.

Mai gyaran wuta ya gano wayar injin ce ta ɓare tana taɓa bututun. Baba ne ya haɗa ta da kansa. Har yau yana cewa, "Da akwai alama ko ɗaya, da na gyara. Ni na kusa kashe 'yata." Ya rame.

Alhamdulillahi, ƙoda lafiya, yatsuna suna lanƙwasuwa. Allah ya saka wa nas-nas ɗin da duk wanda ya yi mini addu'a.

Don Allah, in famfo ko bututun ruwa ya ja ku, ko kaɗan ne, ku kashe wutar gidan, ku faɗa, a kira mai gyara. Silifas da tsumma ba magani ba ne. Wanda wuta ta riƙe, kar a taɓa shi da hannu.

Baba ba ya hawa intanet, shi ya sa na rubuta masa labarin nan a takarda. Tun jiya take cikin hijabina. Ga shi can a tabarma ya idar da la'asar.

Akwai alama, Baba. Bari in kai masa.