Magani Ɗaya Ya Rage

Ina zaune a ɗakin gwaji na wani asibiti a Shango, ina kallon wata ma'aikaciya. Siririya ce, furfura na leƙowa ta gefen ɗankwalinta, an rubuta Rifkatu a aljihun farar rigarta. Ta ɗaga wani faifan gilashi tana duba shi a hasken taga.

Dattijon da ke tsaye gabanta manomi ne daga Garatu. Wata uku ke nan gyambon ƙafar matarsa ya ƙi warkewa.

"Baba, ƙwayoyin cutar nan sun riga ɗan Adam zuwa duniya," in ji ta a hankali. "Canzawa suke yi. Maganin da ya kashe kakanninsu, su ba ya musu komai."

"To yanzu fa, 'yata?"

"Na gwada magunguna guda shida. Ɗaya ne kawai ya kashe su."

Ta rubuta sunan maganin da manyan baƙaƙe, ta sake duba shi sau biyu. Ina zaton ta taɓa yi wa wani nata irin wannan gwajin, ba ta samu ko magani ɗaya da ya yi aiki ba. Ta miƙa masa takardar da hannu biyu.

"Ko ta ji sauƙi, Baba, don Allah ta shanye shi duka."